Fatsa a Ontariyo: daga yankar lasisi har zuwa hawa ƙanƙarar Tafkin Simko

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi a ƙasarmu ya san ruwa yana da mai shi. A Argungu ba mai jefa koma a Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwan, kuma maganar Sarkin Ruwa ita ce magana. Abin mamaki, ɗan'uwan da ya san wannan tun yana yaro, da ya sauka Kanada ya ga tafki ba shinge ba mai gadi, sai ya ɗauka ruwan ba na kowa ba ne. A lardin Ontariyo ma akwai Sarkin Ruwa, sai dai shi a rubuce yake: littafin ƙa'idojin kamun kifi da Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta lardin ke fitarwa kowace shekara, da malaman dajin da ke zagayawa don ganin an bi shi. Suna da ikon duba kularka da jakarka, su rubuta maka tara, su ƙwace kayan kamu, idan laifin ya yi nauyi har jirgin ruwa ko mota. Ga mutumin da ke jiran takardar zama ko ta ɗan ƙasa, ba ƙaramar asara ba ce a ja shi kotu a kan kifi uku.

Na rubuta wannan ne don 'yan'uwan da ke Toronto, Otawa, Hamilton da kewaye, masu son fita da yara bakin ruwa ranar Asabar, da kuma masu ƙarfin halin da ke son gwada kamun kifi ta cikin ramin ƙanƙara. Alƙaluman da zan kawo su ne waɗanda aka daɗe a kansu, amma littafin shekarar da kake ciki shi ne alƙali, kyauta ake samunsa a intanet da shagunan kayan fatsa.

Mataki na farko: wane ne kai a idon doka

Kafin a zo maganar kifi, doka na raba mutane kashi uku: mazaunin Ontariyo, mazaunin wani lardin Kanada, da baƙo daga waje. Ba fasfo ake dubawa ba, zama ake dubawa. Idan gidanka na ainihi a Ontariyo yake, kuma ka zauna a ciki wata 6 a jere cikin wata 12 da suka gabata, kai mazauni ne ko da ɗalibi ne kai. Wanda ya sauka wata biyu da suka wuce baƙo ne tukuna, kuɗin lasisinsa ya fi yawa.

Mazaunin Kanada mai shekara 18 zuwa 64 sai ya yanki lasisi. Yaron da bai kai 18 ba da dattijon da ya kai 65 ba sa buƙata, amma su riƙe katin shaida na gwamnati mai ɗauke da suna da ranar haihuwa. A nan ne mutanenmu ke tuntuɓe: wannan rangwamen dattawa na mazauna Kanada ne kawai. Idan Baba ya zo ziyara daga Kano yana da shekara 70, kuka je bakin ruwa ya karɓi sanda, lasisin baƙo ya hau kansa. Yaron baƙo kuwa zai iya yin fatsa ba lasisi muddin yana tare da babba mai lasisi, amma duk abin da ya kama a cikin ƙidayar babban za a sa.

Takardu biyu ne. Akwai katin da ake kira Outdoors Card, wanda ke aiki shekara 3, sannan lasisin kamun kifin kansa, na shekara 1 ko na 3. Ana yanka a shafin ma'aikatar, a wasu ofisoshin ServiceOntario, ko a shagunan da aka ba izini. Mai son gwaji na yini guda akwai lasisin kwana ɗaya, shi ba ya buƙatar katin. Ka riƙe takardar a aljihu ko a waya, amma ka tuna sanyi na kashe batir cikin ɗan lokaci, don haka takarda a cikin leda ta fi kwanciyar hankali.

Lasisin kuma iri biyu ne. Babba, wanda littafin ke wa alama da harafin S, yana ba ka cikakken adadi. Ƙarami, mai alamar C, ya fi araha kuma adadinsa kaɗan ne. Idan ka ga an rubuta S-4 da C-2 a gaban sunan kifi, mai babba huɗu zai riƙe, mai ƙarami biyu. A ganina, wanda ke farawa ya yanki ƙaramin. Da wuya sabon shiga ya cika ko da adadin ƙaramin a shekararsa ta farko.

Wani abu da ake mantawa: lasisin shekara ranar 31 ga Disamba yake ƙarewa, ko da a Oktoba ka yanke shi. Ƙanƙara kuwa a Janairu take yin ƙwari. Mutane da yawa sun hau ƙanƙara a makon farko na sabuwar shekara da mataccen lasisi a aljihu.

Sau huɗu a shekara ana yafe wa mazauna Kanada lasisi: ƙarshen makon Ranar Iyali a Fabrairu, na Ranar Uwa a Mayu, na Ranar Uba a Yuni, da mako guda a wajajen farkon Yuli. Lasisin kawai aka yafe. Lokutan rufewa da tsawon kifi suna nan, adadin kuma na ƙaramin lasisi ne.

Mataki na biyu: wane ruwa, wane kifi, wace rana

Nan ne cibiyar maganar, don haka zan daɗe a kai.

An raba Ontariyo shiyya 20. Koguna da ƙananan tafkunan Toronto da kewaye, har da Tafkin Simko, suna shiyya ta 16. Tafkin Ontariyo kansa shiyya ta 20 ne, Tafkin Iri (Erie) ta 19, yankin tafkunan Kawata (Kawartha) ta 17, gabashin lardin wajen Otawa ta 18, Kogin Otawa ta 12, Tafkin Nifisin da ke arewa ta 11. Kana iya tsayawa a bakin kogi kana shiyya ta 16, ka yi 'yan taku zuwa bakin babban tafkin ka shiga ta 20, doka ta canza.

Karatun littafin yana da tsari, kuma wanda ya tsallake na ƙarshe ya yi aikin banza. Ka fara da ƙa'idojin gaba ɗaya da ke shafukan farko. Sai ka buɗe shiyyarka ka duba jadawalin kifaye. Daga nan ka gangara ƙasa inda aka jera ruwayen da ke da tasu doka ta daban, ka nemi sunan tafkin ko kogin da za ka je. Idan sunan na wurin, abin da aka rubuta a gabansa ya shafe na shiyyar. A can ƙasan ne kuma ake jera wuraren da aka killace, inda ba a yarda ka jefa ƙugiya ba sam a wasu watanni ko duk shekara, ko wane kifi kake nema. Ma'aikatar na da taswira a intanet mai suna Fish ON-Line, ka danna tafki ta nuna maka shiyyarsa da kifayen da ke ciki.

Dole ka san kifayen da fuska, don doka da suna take kiransu. Wolai, wanda a littafin aka rubuta walleye, shi ne wanda kowa ke nema saboda daɗin namansa; idonsa fari-fari ne kamar gilashi, da farin tabo a ƙasan wutsiya. Faik dogo ne mai baki kamar na agwagwa da haƙora masu kaifi, a littafin pike. Bas iri biyu ne, mai babban baki da mai ƙarami. Sai ƙaramin nan mai launin rawaya da baƙin zane a gefe, perch a rubuce, wanda zan riƙa kira ɗan rawaya. Akwai dangin tirawut da salmon, da farin kifi na ruwa mai zurfi. Akwai kuma ɗan'uwan tarwaɗarmu mai gashin baki, wanda Turawa da yawa ba su damu da shi ba, mu kuwa mun san darajarsa a farfesu.

Ga misali daga shiyya ta 16. Wolai a buɗe yake daga 1 ga Janairu zuwa 15 ga Maris, a rufe, sai Asabar ta biyu a Mayu a sake buɗewa har ƙarshen shekara. Adadi S-4, C-2, kuma a cikinsu guda ɗaya kawai aka yarda ya wuce santimita 46. Faik na kai wa 31 ga Maris kafin a rufe. Bas ba a taɓa shi sai Asabar ta huɗu a Yuni, a rufe ranar 30 ga Nuwamba. Tirawut na rafuka ana buɗe shi Asabar ta huɗu a Afrilu. Ɗan rawaya da tarwaɗa a buɗe suke duk shekara, tarwaɗar S-12, C-6. Yanzu ka tuƙa mota awa ɗaya da rabi gabas ka shiga shiyya ta 17: wolai daga Asabar ta biyu a Mayu zuwa 15 ga Nuwamba kawai, babu shi a hunturu, kuma sai wanda tsawonsa ke tsakanin santimita 35 da 50 za ka riƙe. Kifi ɗaya, doka biyu.

Waɗannan ranakun ba da ka aka yanke su ba. Wolai da faik suna zuba ƙwai ne da zarar ƙanƙara ta narke, lokacin da suke taruwa a ruwa marar zurfi, inda ko yaro zai kwashe su. Bas kuwa namijin ne ke tsayawa gadin sheƙa a Mayu da Yuni. Idan ka ciro shi na minti biyu kacal, kafin ya koma ƙananan kifaye sun wawashe ƙwan. Shi ya sa doka ba ta tsaya a kan riƙewa ba: neman kifin da aka rufe laifi ne ko da niyyarka ka sake shi. Idan ya faɗo wa ƙugiyarka bisa kuskure, ka mai da shi nan take, ba tsayawa ɗaukar hoto. Idan ya yi ta faɗowa, ka tashi daga wurin ko ka canza koto, don malamin daji na iya karanta niyya daga inda ka tsaya da abin da ka ɗaura.

Dokar tsawo ma hikima ce da masuntanmu suka sani. Manyan wolai galibi mata ne, su ke ɗauke da ƙwai mafi yawa. Ana auna kifi ne a kwance a kan abu mai faɗi, baki a rufe, a matse reshen wutsiya biyu wuri ɗaya, daga ƙarshen baki zuwa ƙarshen wutsiya. Ka sayi allon awo mai santimita, kada ka dogara da taƙi. Idan kifi ya tsaya daidai kan layi har kana shakka, sake shi.

Mataki na uku: kayan da aka yarda da su

Kusan duk kayan sun da muka sani a gida haramun ne ga mai kamun nishaɗi a nan. Birgi, kalli, taru, gura, mamari mai jerin ƙugiyoyi, ba ɗaya da za ka jiƙa. Babban abin da lasisinka ya ba ka shi ne sanda da zare, a yawancin ruwaye zare ɗaya lokacin da ruwa ke buɗe, kuma ƙugiyoyi kada su wuce 4 a kansa. Kifin da ƙugiya ta kama a ciki ko a baya ko a wutsiya, ba a baki ba, dole a sake shi. Wannan ya fi shafar kaka, lokacin da manyan salmon ke hawowa kogunan Kiredit da Hamba har ka gan su da ido a ruwa iya gwiwa. Zuciya za ta ce ka fizge su da ƙugiya ko ka sa hannu. Kada ka yi. Malaman daji sun fi yawa a waɗannan kogunan a Satumba da Oktoba.

Wani lokaci za ka ga mutum da raga ko mashi a wurin da kai aka hana ka. Yana iya zama ɗan asalin ƙasar ne mai haƙƙin yarjejeniya da kakanninsa suka ƙulla da gwamnati tun kafin a kafa waɗannan dokoki. Haƙƙinsa ne, bai shafe ka ba.

Koto ma yana da doka. Tsutsar tana ba ta da matsala sosai. Ƙananan kifayen koto da matsattsaku su ne abin lura: tun 1 ga Janairun 2022 an raba lardin yankunan koto 4, ba a ɗaukar su daga wani yanki zuwa wani, a raye ko a mace. Ka saya a yankin da za ka yi amfani da su, ka ajiye rasit, ka ƙarar da su cikin mako 2. Kada su wuce 120 a hannunka. Ragowar kuma ba a juye shi cikin ruwa, ko a kan ƙanƙara, ko ƙasa da mita 30 daga bakin ruwa. Dalili shi ne cututtukan kifi da baƙin halittu masu mamaye ruwa. Babban misali gobi, wani ɗan kifi mai ƙwala-ƙwalan idanu da ya shigo Manyan Tafkuna, irin su Ontariyo da Iri, a ruwan cikin jiragen ruwa daga yankin Baƙin Teku. Yanzu ya cika Simko yana cinye ƙwan sauran kifaye. Ba a yin koto da shi, ba a riƙe shi da rai. Idan ka kama shi ka kashe shi.

Kafin ka bi ta filin wani zuwa ruwa, nemi izini. Jan ɗigo da aka shafa a jikin bishiya ko turke na nufin ba shiga.

Mataki na huɗu: ƙidaya, da abin da ke cikin firiza

Adadin yini ya ƙunshi duk kifin da ba ka sake nan take ba: wanda ke cikin kula, wanda kuka gasa kuka ci a bakin ruwa, da wanda ka ba wani kyauta. Mu mutane ne masu kyauta, amma ba a kama huɗu a miƙa wa abokin tafiya a sake kama huɗu.

Sannan akwai adadin mallaka, wanda a mafi yawan kifaye daidai yake da na yini ɗaya, kuma ya haɗa da abin da ke gida. Idan wolai huɗu na kwance a firizarka tun makon jiya, ba ka da hurumin riƙe wani sai an ci waɗancan. Wannan ya saɓa wa ɗabi'armu ta tara kifi a busar ko a banda don gaba, amma haka dokar take, kuma bandataccen kifi ma ana ƙirga shi.

Muddin kana kan ruwa ko ƙanƙara, kifin da ke da dokar tsawo ka bar shi da kai da wutsiya, ciki kawai za ka cire. Idan za ka yanka don tafiya gida, ka bar fata mai faɗi a jikin kowace tsoka yadda za a gane irinsa, ka jera su yadda za a iya ƙirgawa. Curin kifi da ya daskare wuri ɗaya cikin leda laifi ne. Ɗaukar kifi da rai a bokiti cikin mota, yadda muke yi da tarwaɗa a gida, shi ma haramun ne. Sayar da abin da ka kama haramun ne ko da ga ɗan'uwa a masallaci. Barin kifin da za a iya ci ya lalace ma laifi ne, abin da addininmu ya riga doka hanawa.

Mataki na biyar: ƙanƙara

Tafkin Simko na arewacin Toronto, tafiyar kamar awa ɗaya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 700. A tsakiyar hunturu za ka hango bukkoki birjik a kansa kamar ƙauye. Kudancinsa, gaɓar Kuk, ba zurfi, ita ke fara daskarewa, can ake neman ɗan rawaya. Adadinsa 50 a yini ga mai babban lasisi, 25 ga mai ƙarami. Gaɓar Kemfenfelt ta wajen garin Bari ta kai zurfin mita 40, tana jinkirin daskarewa, can ne farin kifi da tirawut na tafki suke. Waɗannan biyun a Simko S-2 ne, C-1, a hunturu daga 1 ga Janairu zuwa 15 ga Maris.

Dokar ƙanƙara ba ta da yawa. A yawancin ruwaye an yarda da zare 2, da sharaɗin kada ka yi nisa da su fiye da mita 60 kuma idonka na ganinsu. Bukkar katako sai an yi mata rajista a shiyya ta 9 zuwa 12 da ta 14 zuwa 20. Kyauta ce, kuma a rubuta lambar a waje da girman da bai gaza santimita 6.3 ba. Tantin yadi da bai wuce murabba'in mita 7 ba ba ya buƙata. Ranar kwashe bukkoki: 1 ga Maris a shiyya ta 17 da 20, 15 ga Maris a ta 14, 16, 18 da 19, 31 ga Maris a ta 9, 10, 11 da 15.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Buɗe lokacin kamu ranar 1 ga Janairu ba shaida ba ce cewa ƙanƙara za ta ɗauke ka. Gwamnati ba ta auna maka kauri, ba wanda zai tare ka a bakin tafki. Mu da muka girma inda ƙanƙara sai a leda, ba mu da idon karanta ta, kuma ganin wasu a can tsakiya ba hujja ba ce, don ba ka san ta inda suka bi ba.

Saboda haka fitarka ta farko, da ta biyu, ka yi hayar bukka. A garuruwan bakin Simko akwai masu wannan sana'a: su ke auna ƙanƙara kullum, su kai ka da motarsu ta ƙanƙara, su huda rami, su kunna wuta, su ba ka koto. Lasisi dai naka ne, ba sa ɗauke maka shi. Kuɗin da za ka biya kuɗin makaranta ne. Ka yi ta tambaya.

Ranar da za ka fita da ƙafarka, ga ma'auni. Garau ɗin ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi ita ce mai ƙarfi. Santimita 10 shi ne mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya zai taka. Red Cross ta Kanada ma 15 take cewa ga mutum ɗaya, 20 ga jama'a, kuma ni nata nake bi. Babur ɗin ƙanƙara na son 20 zuwa 25, ƙaramar mota 30 ko fiye, kodayake shawarata ka bar motarka a tudu. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa, rabin ƙarfin garau ke gare ta, sai ka ninka lissafi. Mai launin toka ruwa ne a cikinta, kada ka taka. Ka nisanci bakin rafi, ƙarƙashin gada, mashigi tsakanin tsibirai, da kusa da matsayar jirage inda ake sa injin motsa ruwa. A babban tafki kamar Simko ƙanƙara na tsagewa ta yi tudu mai tsawon kilomitoci, gefen tsagar na da rauni. Idan iska na busowa da ƙarfi daga tudu zuwa tafki, musamman a Maris, faifan ƙanƙara kan ɓalle da mutane a kai. An sha kwaso masunta da jirgi mai saukar ungulu a wannan tafkin.

Ka riƙe dagi na ƙarfe kana dukan gabanka kafin kowane taku. Idan ya huda ko ruwa ya ɓullo da duka ɗaya ko biyu, juya ta inda ka fito. Kana tafiya kana huda rami da mahuji kana aunawa, don kauri na canzawa cikin 'yan mitoci. A wuyanka ka rataya tsinkayen ƙarfe biyu masu ƙota, a saman riga, inda hannu zai kai. Ka sa rigar da ke hana nutsewa, ka ɗauki igiya mai tsawo, ka ɗaura ƙarafan hana santsi a takalmi. Kada ka fita kai kaɗai, ku bar tazara tsakaninku, kuma a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowa.

Idan ƙaddara ta faɗa, Allah Ya kiyaye, akwai lissafin da Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya yaɗa: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi zai ƙwace maka, aikinka kawai ka riƙe kai sama da ruwa har ya daidaita. Kana da kamar minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina jin magana. Kana da kusan awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. Ma'ana akwai lokaci, firgita ce ke cinye shi. Ka juya ta inda ka fito, don can ce ta ɗauke ka ɗazu. Ka ɗora hannuwa a kan ƙanƙara, ka yi ta harba ƙafa har jikinka ya kwanta a saman ruwa, ka caka tsinkayen ka ja ciki. Da ka fito kada ka miƙe, mirgina har ka yi nisa. Wanda ke waje ya kira 911 tukuna, ya kwanta rub da ciki daga nesa ya jefa igiya. Gudu zuwa bakin ramin shi ke mai da mutum ɗaya biyu.

Cikin bukka ko tanti, murhun gas na fitar da iskar guba marar wari. Ka bar kafar iska a buɗe komai sanyi. Ciwon kai ko jiri ko barci mai nauyi alama ce, ku fita waje nan take.

Sutura a yi ta hawa-hawa, kada auduga ta taɓa fata don tana riƙe gumi. Ulu ya fi. Safa ta biyu da safar hannu ta biyu a cikin leda. Ka yi alwala a gida ka sa huffi ko abin da malaminka ya tabbatar maka ana shafa a kai, don wanke ƙafa a kan tafki cikin sanyin da ya kai 15 ƙasa da sifiri hatsari ne. Yinin hunturu gajere ne, azahar da la'asar kusa suke, darduma mai roba a ƙasa tana amfani. Ka ɗauki matsamin ƙosai ko irinsa don kwashe ɓarɓashin da ke sake rufe ramin.

Kifin da za ka saka kada ka ajiye shi a kan ƙanƙara. Idonsa da kunnuwan numfashinsa na daskarewa cikin daƙiƙoƙi. Cire ƙugiyar a bakin ramin ka tura shi da kai. Ɗan rawayan da aka jawo daga ruwa mai zurfi sosai jakar iskarsa kan kumbura har ta turo cikinsa waje ta baki, irin wannan da wuya ya rayu, ka riƙe shi cikin ƙidayarka, idan kuma ƙanana ne ke ta fitowa haka ka koma wuri marar zurfi. In za ka tashi, kwashe komai, har guntun zare da kofin shayi, don duk abin da ka bari a Maris yana ƙasan tafki.

Kafin a ɗora tukunya

Ma'aikatar Muhalli ta lardin na da jagora ta daban a intanet kan cin kifin Ontariyo, tana faɗin sau nawa a wata za a ci kifi kaza mai tsawo kaza daga tafki kaza, saboda sinadarin makuri da sauran dattin masana'antu da ke taruwa a jikin kifi. Layi biyu ne a kowane jadawali: na kowa, da na yara 'yan ƙasa da 15 da matan da ke shekarun haihuwa, wanda ya fi tsauri. Yawanci ƙaramin kifi ya fi babba tsabta, mai cin 'yan'uwansa kamar faik da wolai ya fi tara makuri. Lissafin jagorar a kan tsokar gefe aka yi shi, ba fata ba kayan ciki. Mu kuwa da kai da fata muke jefawa a farfesu, don haka ga tarwaɗa da salmon da tirawut, masu kitse, musamman na Tafkin Ontariyo, a cire fata, a yanke kitsen ciki da na gefe, a gasa yadda man zai ɗiga ƙasa. Makuri shi a cikin tsoka yake, yanka ko dahuwa ba sa rage shi, sai dai a rage yawan ci. Idan uwargida na da juna biyu ko tana shayarwa, ku duba layinta kafin ku bar gida, ku zaɓi tafkin da kifin da za ku nema daga nan.